Ambaliya da Rani a Ɗakin Guga

Babbar riga fara, ta shadda, mai aiki tun daga wuya har aljihu. Da ita zan fara, domin ita ke raba mai guga da mai ƙona kayan mutane. Babu teburin da zai ɗauke ta a shimfiɗe. Ninke ta ake yi, a bi ta gefe-gefe. Aikin wuyan ta baya ake guge shi, a kan bargo, in ba haka ba zaren ya kwanta ya mutu. Ku samarin da kuke buɗe shagon wanki da inji, kuna cewa ai wanki ruwa ne da sabulu, ku zo in ba ku irin wannan rigar guda ɗaya, in koma gefe in zauna.

Sunana Haladu. A Limawa nake wanki da guga tun Dutse ba ta cika haka ba. Daga wani ƙauye na fito a bayan Kiyawa. Ban yi boko ba. A wurin Baba Tanko na koyi aikin, Allah ya ji ƙansa. Na daɗe a hannunsa ban taɓa dutsen guga ba. Ɗebo ruwa, hura gawayi, shanya, kwashewa. Ranar da ya fara ba ni dutse, wandonsa ya miƙo mini, ba na kowa ba. Na ƙona shi a gwiwa. Ya sa wandon ya yi ta yawo da shi a unguwa, duk wanda ya tambaya sai ya nuna ni da baki. Ban sake ƙona komai ba.

Dutsen gawayi ba a tambayarsa zafi da hannu. Ana ɗaga shi kusa da kunci a ji. Gawayin ƙirya ya fi, yana daɗewa, ba ya tartsatsi. Gawayin banza toka yake fesowa ta hudojin dutsen, farar riga ta tashi da ɗigo-ɗigo. Sitaci ana dama shi gwargwadon mai riga, ba gwargwadon riga ba. Ma'aikacin ofis yana so ta tsaya kamar kwali. Dattijo yana so ta bi jikinsa. Bula kuwa in ta yi yawa, ka mayar da farin mutum ruwan toka. Rinannen kaya ba ya haɗa baho da fari, ko da mai shi ya rantse maka ba ya zuba. Duk suna rantsewa.

Kayan mutane da zare nake gane su. Kowane gida da launinsa da irin ƙullinsa, a cikin kalmasa inda ba a gani. Ban taɓa ba wani rigar wani ba.

Yanzu ɗakin. A nan nake so ku buɗe kunne, domin mafi yawanku haya kuke yi kamar yadda nake yi.

Gidan Alhaji Bala ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, rariya ɗaya da ke fitar da ruwa waje. Ni ne a ɗakin ƙarshe. Kusa da ni Malam Idi, mutumin Buji, masinja ne a wani ofis, yana noma riɗi a gida ya kawo ya jibge a ɗakinsa har ya yi tsada. Matarsa Asabe. Sauran ɗakunan gwauraye ne ma'aikata.

Alhaji Bala yana da doka ɗaya: ba a buga masa ƙusa a bango. Ranar da na shiga ya faɗa mini, ya maimaita. Saboda haka ba ni da kanta, ba ni da marataya. Gogaggen kaya a kan tabarma nake jera shi a ƙasa, manyan riguna a ƙarƙashi, ƙanana a sama. An kuma yi wa tsakar gidan siminti a kan siminti har ta fi ɗakunan tudu. Na ga haka tun farko. Na ce ai damina ce abin tsoro, da damina kuwa ina ɗora kayan a kan benci.

A raina kuma ga abin da na ɗauka: gida na Alhaji ne, in wani abu ya faru a gidan, Alhaji ne zai tsaya. Na san da yawanku haka kuka ɗauka har yau.

Ruwan famfo a lokacin sai ya ga dama yake zuwa. Yakan ɗauke a manta da shi. Kowa a unguwar barin famfo yake a buɗe, da bokiti a ƙarƙashi, don in ya zo a ji ƙararsa a fito. A gidanmu ni nake buɗewa, domin ni na fi kowa bukata. Kowa ya sani, kowa kuma yana shan ruwan da na tara.

Shekarar da nake ba ku labari, azumi ya faɗo cikin tsananin zafi. Juma'ar ƙarshe ce. Ɗakina cike yake da kayan Sallah, har babu inda zan miƙe ƙafa sai bakin ƙofa. Gwaurayen sun tafi garuruwansu. Asabe ma ta tafi Buji da safe. Kafin ta fita ta cusa tsumma a rariya ta danne da dutse, saboda ɓeraye ta nan suke shigowa wa riɗin mijinta. Haka mata suke yi in za su yi tafiya. Ban gani ba. Na tafi masallaci, daga nan na wuce kai wasu kaya, na biya na sayi gawayi. Sai bayan la'asar na dawo.

Tun daga bakin layi na ga ƙofar gidan tana zubar da ruwa ta ƙarƙashi. Ko gajimare babu a sama.

Ruwan bai yi zurfi ba. Idon sawu ne. Amma shadda mai sitaci tsotson ruwa take kamar lagwani. Ya hau daga rigar ƙasa zuwa ta samanta, har ya kusa kai ƙarshen jerin. A bakin ƙofa kuma akwai ƙullin rinannun zannuwa ja da aka kawo da safe, ban ma kwance ba. Su suka fara jiƙa. Duk farin da ke ɗakin ya sha ja, wani wuri kamar zoɓo, wani wuri kamar tsatsa. Na kashe famfo. Na zare tsumman. Ruwan ya tafi abinsa kamar bai yi komai ba.

Ɗakin Malam Idi ma ya sha. Buhunan riɗin da ke ƙasa sun jiƙe, ga zafi, kafin a ankara sun fara wari. Katifarsu da buhun garinsu duk sun tafi.

Na gwada duk abin da na sani. Ruwan zafi, lemon tsami, maganin cire tabo. Jan ya yi haske, bai fita ba. Jan rini in ya kama sitaci ya zauna ke nan.

Washegari aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka yi ta zuwa jaje. "Allah ya mayar da alheri." "Ƙaddara ce, Haladu." Na amsa wa kowa. Masu kayan suna cikin masu jajen. Mutum ya yi mini addu'a, idonsa yana leƙen igiyar shanya yana neman rigarsa.

Malam Nuhu ya zo. Tsohon malamin firamare ne, ya yi ritaya, shi yake ja mana salla in liman ba ya nan. Tun ina hannun Baba Tanko nake wanke masa kaya. Babbar riga ɗaya gare shi ta kirki, fara, da kuɗin sallamarsa ya ɗinka ta. Ita ce a can ƙasan jerin. Na ɗauko na buɗe masa. Ya duba ya daɗe. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na yafe. Duniya da lahira na yafe maka."

Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Ya bar rigar a kan tabarma ya tafi.

Ku ba ku san wannan yafiyar ba. Ni na san ta. Wanda ya zage ka zai dawo, domin yana da sauran magana da kai. Wanda ya yafe maka a gaban jama'a ya gama da kai. In irin Malam Nuhu ya ɗauke kayansa daga hannunka, unguwa tana kallo. Mai wanki ba shi da jari sai abu ɗaya: mutum ya cire rigarsa ya ba ka ya juya baya. In wannan ya tafi, dutse da baho tarkace ne.

Aka zauna a zauren mai unguwa, ni da Alhaji Bala da Malam Idi. Na ce gidan Alhaji ne, famfonsa ne, shi ya ɗaga tsakar gida, shi ya hana ƙusa.

Alhaji Bala ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗaki na ba shi haya. Bango huɗu da rufi. Ga su nan tsaye. Abin da mutum ya zuba a ciki, ni na ce ya zuba? Ni ma simintin bangona ya jiƙe, ban ce komai ba tukuna."

Mai unguwa ya ce, "Wa ya buɗe famfo?"

Na ce, "Ni."

"Wa ya toshe rariya?"

Malam Idi ya sunkuyar da kai. Na dube shi. Ruwan da na tara matarsa take girki da shi, amma ban ga amfanin jawo matar aure zauren mai unguwa ba. Na ce, "Tsumma ne ya toshe ta."

Mai unguwa ya ce to a yi haƙuri da juna, amma wanda ya buɗe ruwa ya duba wa Malam Idi asararsa. A hanya Alhaji Bala ya ce mini, cikin taushin murya, in ina so in koma ƙauye ba zai riƙe ni ba, akwai mai son ɗakin. Yayana ma ya aiko daga gida: in tattaro in dawo gona, in an kwana biyu za a manta.

Na ce ba inda za ni. Ban saci rigar kowa ba.

Ga abin da na yi. Na bi masu kayan gida-gida. Na ce rigarka ba za ta koma fara ba, amma za ta saku in ka yarda a rina ta. Na kwashi kayan na kai wa marina, aka tsoma su shuɗi mai duhu, wanda zai danne jan. Na dawo na sa sitaci, na goge su kamar ban taɓa guga ba. Sallar nan, in ka tsaya a filin idi ka dubi sahun mutanen layinmu, sai ka ce anko suka yi. Har yau akwai masu tsokanar juna da "ɗan shuɗin Haladu". Wasu sun yi dariya sun karɓa. Wasu sun ce sabo suke so. Wani ma da ya kawo riga da wando ya tashi da cewa har da babbar riga. Na nuna masa zarensa a kalmasa, na ce ya nemo ta ukun. Ya kwashi biyunsa ya tafi.

Bijimin da nake kiwo a ƙauye ya tafi. Kekena ya tafi, na koma kai kaya a ka. Abin da na noma a daminar nan da ta bayanta, Malam Idi ya kwashe a madadin riɗinsa. Iyalina a ƙauye sun ci tuwo ba miya mai kyau. Babu wanda ya taya ni da ko allura. Addu'a dai na sha ta, Allah ya saka.

Da na sami sararin numfashi na sayi farar shadda, na kai wa telan da ya yi wa Malam Nuhu ta farko, na ce ya maimaita aikin. Da ya gama na kai wa Malam Nuhu har gida.

Ya ce, "Haladu, ba na ce na yafe ba?"

Na ce, "Ka ce, Malam. Ni ban karɓa ba."

"Ana ƙin karɓar yafiya?"

"Ban roƙa ba. Riga ka ba ni, ga riga."

Ya ce in ɗauke abina. Na ajiye ta a kan dakalinsa na tafi. Bai dawo da ita ba, bai kuma kawo mini wanki ba. Ina ganin jikansa yana wucewa da ƙulli zuwa wani shago. Shekaru aka yi a haka. Muna gaisawa a masallaci lafiya lau. Manyan rigunan unguwar ma sun bi shi. Ni sai kayan 'yan makaranta da zannuwan gado.

Ranar da na gama biyan Malam Idi na sayo ƙusoshi manya da katako. Alhaji Bala yana zaune a ƙofar gida na wuce shi da guduma a hannu. Ya biyo ni. Na buga ta farko yana tsaye.

Ya ce, "Ka manta dokata?"

Na ce, "Ban manta ba, Alhaji. Bangon naka ne, kayan na mutane ne. Ranar da zan tashi zan toshe maka ramukan. In yau kake so in tashi, faɗa."

Bai faɗa ba. Kantar tana nan har gobe. Ba abin da ke kwana a ƙasa a ɗakina sai takalmi.

Maganar inshora daga baya ta zo. Wani mai kawo mini rigunan ofis yana aiki a kamfanin takaful, wato inshorar da aka tsara bisa shari'a. Ya ji labarin shuɗin Sallah a bakin mutane, ya tambaye ni. Ya ce akwai tsarin da ɗan haya zai shiga, ba sai mai gida ba. Kowa yana zuba kaɗan a asusu ɗaya, wanda abu ya faɗa wa a ɗauka a tallafa masa. Kashi ɗaya na kayanka ne da ke ɗaki. Kashi ɗaya na ɓarnar da za ta fito daga ɗakinka ta shiga na wani.

Na ce, "Kayana nawa ne? Dutse da baho. Na mutane fa da ke hannuna?"

Ya ce wannan sai na faɗa tun farko cewa sana'a nake yi a ɗakin, a rubuta shi daban, in ba haka ba ranar da abu ya faru za a ce ba a san da shi ba. Na sa ya karanta mini komai da Hausa, har abin da ba sa biya. Akwai su da yawa. In na ƙona riga da dutse don sakaci, nawa ne. In gara ta ci, nawa ne. Na je na tambayi malamin da na yarda da shi. Sannan na shiga. Duk shekara ina sabuntawa, kafin in sayi kayan Sallar kaina.

Ban taɓa karɓar komai daga wurinsu ba, domin ba abin da ya sake faruwa. Saboda haka ba zan ce muku suna biya da sauri ba, ban gwada ba. Ku bincika da kanku, ku sa a karanta muku, kada kunya ta hana ku tambaya.

A majalisar mai shayi kuwa na zama abin hira. "Haladu ya yi wa baho inshora." "Mai kamfani, ina kwana." Wani ya ce imanina ne ya yi rauni. Wani ya ce kuɗin da nake zubawa da na tara da na sayi akuya. Mai maganar imanin, babur ɗinsa da sarƙa da kwaɗo yake kwana. Na faɗa masa haka. Mafi yawan masu dariyar suna cikin waɗanda suka zauna a tabarmar jaje, suka tashi suka kaɗe rigunansu.

Kuna tambaya ko ɗan haya mai ɗaki ɗaya yana bukatar wannan. In abin da ka mallaka tabarma ce da buta, kayanka ba su kai ba, kada ka wahalar da kanka. Amma duba bangon da kake jingina. Akwai mutum a bayansa. Kana da risho, kana da hita, kana da waya a jone, kana da famfo. Ni rigunan wasu da riɗin wani ne suka cinye ni, ba kayana ba. Mai gida kuma ginin kawai ya sani. Na ji da kunnena a gaban mai unguwa.

Wata safiya ina hura gawayi inuwa ta tsaya a kaina. Malam Nuhu ne, ya tsufa, da sanda, da ƙulli a hammata. Da kansa ya ɗauko. Muka gaisa. Ya leƙa ɗakin, ya dubi kantar, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "An ce ka yi inshora."

"Na yi, Malam."

"Kai da ka ƙi yafiya, yanzu kuma ƙaddarar ce ba ka yarda da ita ba?"

"Na yarda da ita. In ta zo ta same ni. Rigarka ce ban yarda ta sake biya mini ba."

Ya ce, "Taurin kanka har yanzu yana nan."

"Yana nan."

Ya ajiye ƙullin a kan tebur. Na kwance. Farar shaddar ce da na bari a dakalinsa. Wuyanta ya yi dauɗa, gefen aljihu ya fara sulɓi, ta sha jiki sosai. Waɗanda suka riƙa goge ta ta gaba suka bi aikin, zaren duk ya kwanta.

Ya ce, "Sitaci kaɗan. Juma'a nake so."

Na ce, "Na san sitacinka."

Na ɗauko allura, na nemo koren zare, na yi masa ƙullinsa a kalmasa.